Shekarar da Shanu Suka Ci Mana Aji

Gwaggonku Saratu, Allah ya ƙara mata lafiya, har yau in an taɓo zancen aikina sai ta ce an ɗauke ni daga Tudun Aduwa an jefa ni can bayan Yekuwa ne don na koya wa 'ya'yan mutane rashin kunya. Na san kun sha jin wannan magana tun kuna ƙanana, lokacin da kuke hannun kakarku a Magarya, ni kuwa ina inda mota ba ta zuwa sai amalanke. Ban taɓa musa mata ba, don musu da Saratu sai wanda ya ƙoshi kuma ba shi da aikin yi. Amma yanzu da na ajiye alli, gwiwoyi kuma suka zaunar da ni wuri ɗaya, bari in faɗa maku yadda abin ya faru. Canjin wurin aikin gaskiya ne, kuma ya yi mini ciwo, don shi ya raba ni da ku a shekarun da yaro ya fi son ganin uwarsa kusa. Sai dai da za a mayar da ni wannan shekara, abin da na yi shi zan sake yi. A duk shekarun aikina babu wadda na sha dariya a cikinta kamarta.

Tudun Aduwa ƙauye ne a ƙasar Kwaya, kuma nan aka fara ba ni riƙon makaranta, na zama direktiris. Sunan ya fi kujerar girma, don mu biyu ne kacal, ni da malami ɗaya, Mushe Lawali, wani siririn saurayi ɗan Bande mai tsoron duk abin da ke da ƙaho. Lakkwal ɗinmu, wato makarantar, ba ta da gini ko na ƙasa. Kowace shekara in an gama girbi, iyaye maza su kawo karan gero da na dawa, a kafa dirkoki, a yi darni, a rufe sama, shi ke nan an yi aji. Wurin da ake kafawa kuwa tun kafin a haifi yaran can yake, a bakin burtalin da shanu ke bi daga ruga zuwa rijiya. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili, nan dai aka saba. Mutanen rugar makiyaya ne da suka daɗe da zama, suna kiwo suna noma, kasuwarsu ɗaya da mutanen gari, masallacin Juma'arsu ɗaya. Shugabansu Ardo Manu, dogon tsoho marar yawan magana, shi da kansa ya yarda aka sa 'ya'yansu lakkwal bayan an daɗe ana lallashi. In ka cire 'yan ruga daga azuzuwana, abin da zai rage bai isa a kira shi makaranta ba. Ansifekta, babbanmu mai duba makarantu daga Magarya, ya gaya mini tun ranar da ya tura ni cewa duk makarantar da yaranta suka ragu za a rufe ta a haɗe da ta wani gari. Manyan yara maza za su iya tafiyar. Ƙanana da 'yan mata kuwa sai zaman gida.

Sanyi bai gama wucewa ba na lura ajin manya yana ramewa. Yau kafa a nan, gobe a can. Wata safiya ina koya masu lissafi, na juya zan rubuta a allo, sai ga kan wata jar saniya ya ɓullo ta gefen allon, tana taunar bangon ajina a natse tana kallona. Yara suka zube ƙasa don dariya. Mushe Lawali da ya leƙo daga nasa ajin ya yi ido biyu da ƙaho, ban sake ganinsa ba sai da aka fita shan iska. Ni ma na yi dariya har da hawaye, amma ba ta daɗe ba. Kafin bazara ta kankama ajin ya koma dirkoki da rabin rufi, rana tana dukan yara a ka, mata masu zuwa rijiya suna tsayawa su gaishe ni ta inda bango yake a da.

Shugaban kwamitin iyaye a lokacin Sale ne, ɗan kasuwa mai babur da wayoyi cike da aljihu, kullum yana hanyar tsallaken iyaka. Ba mugu ba ne. Mutum ne mai son a yi abu yanzu-yanzu, kuma shi ya fi kowa kawo kara a shekarar, don haka abin ya ƙona masa rai. Kwamiti ya zauna ya yanke cewa duk saniyar da ta sake sa baki a aji, a ɗaure ta a kai ta kwamin, ofishin hukuma. Kafin la'asar magana ta kai ruga. Amsa ta dawo mini ta bakin Dija, jikar Ardo, 'yar ajin manya mai kaifin kai, wadda ta tsaya gabana tana murza bakin zanenta.

"Madam, tsoho ya ce in gaya maki, ranar da igiya ta taɓa wuyan saniyarmu, ranar za mu daina zuwa lakkwal, mu duka."

"To ke me kika ce?"

"Ni ba a tambaye ni ba, Madam."

Wannan amsa ta tsaya mini a rai. Ajin nasu ne, kansu rana ke duka, su za a zaunar a gida, amma kowa ya yi magana ban da su. Washegari da aka fita shan iska na shimfiɗa gyalena a ƙasa na zauna cikin manyan, na ce yau ba madam ba ce, baƙuwa ce ta zo a ba ta labari. Da farko sai kallon juna da ƙumshe dariya. Can Rakiya, 'yar farin Sale, wadda don kunya ko sunanta ba ya kamawa, ta matso kusa.

"Madam, ai mun san abin da ke cin ajin nan. Ba shanu kaɗai ba ne."

Suka kwashe komai suka gaya mini, kowa yana katse kowa, har da yadda suke ganin za a gyara. Zan bar ku ku ji daga bakinsu in mun zo wurin. Abin da zan ce kawai, ba irin maganar da baƙuwa kamata za ta faɗa a gaban mazan gari ba ce ta ci gaba da shan ruwan garin lafiya. Sai dai su faɗa da kansu. Na roƙi kwamiti ya sake zama, na jero yaran na tsayar da su gaban iyayensu. Wayyo ni. Rakiya tana ganin ubanta ta ja hijabi ta rufe fuska, Dija ta kafe ido a yatsun ƙafarta, mazan kuwa kamar an ɗinke masu baki. Sale ya duba wayarsa ya mayar aljihu.

"Madam, mu ma mun yi yarinta. A garin nan yaro ba ya buɗe baki a taron iyayensa. Sallame su su tafi, rana na dukansu."

Na koma masauki jikina a sanyaye. Gidan da aka sauke ni na Malam Nomau ne, mahaifin Sale, shi da matarsa Iya Tabawa, tsofaffi biyu da suka riƙe ni kamar 'yar cikinsu. Da yamma ina zaune bakin ƙofata ina tsince shinkafa, sai ga Rakiya ta shigo da ƙwaryar fura an aiko ta. Tsohon yana kishingiɗe a tabarma, ya ɗaga kai.

"Amarya, sai yanzu? Miji na kwance da yunwa kina can yawon boko."

"Miji a ina? Tsoho da haƙori ɗaya a baki zai ce shi miji ne? Tashi ka gyara zama. Kuma rigar nan tun yaushe take jikinka? Cire ta in wanke, kana ba mu kunya a gari."

Ya yi ta dariya har da tari, kuma wallahi ya cire rigar ya miƙa mata. Na ajiye faranti ina kallonsu. Yarinyar da ɗazu ta kasa ɗaga ido gaban ubanta, ga ta tana juya uban ubanta yadda ta ga dama, yana jin daɗi. Wasan jika da kaka ba baƙon abu ba ne a wurina, da shi na tashi, amma ban taɓa kallonsa ta nan ba. Yaran suna da baki, ni ce na kai su gaban kunnen da ba a yarda su yi masa magana ba. Nan take na ƙudura cewa taro na gaba ba na iyaye ba ne, na kakanni ne.

Ranar Asabar na hau kabu-kabu na zo gida Magarya, na zayyana wa babanku komai. Yana saurare yana girgiza kai, irin girgizar nan tasa da kuka sani.

"Hadiza, koyarwa aka tura ki, ba gyaran gari ba. Ki tsallake iyaye ki tara kakanni? Sale ba zai haɗiye wannan ba, kuma yana da mutane a biron Ansifekta."

Kakarku Hajiya tana gefe tana yi wa Balkisu kitso, kai kuma Aminu kana bayanta kana jan ɗankwalinta. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ƙyale ta ta yi. Ku iyaye girma ya toshe maku kunne. Wannan ja'irin jiya ya gaya mini miyata ba gishiri, kuma gaskiyarsa. Kai tun da na haife ka ka taɓa iya gaya mini?"

"In aka ɗauke ta daga can fa, Hajiya, aka kai ta nesa?"

"Sai in riƙe yaran. Ba ni na riƙe ka ba?"

Da zan koma babanku ya rako ni tasha ya sayo mini goro mai yawa, ya ce tsofaffi ba sa zama a taron da ba abin tauna. Haka yake, in ya ƙi abu da baki sai ya yarda da hannu.

Na fara zuwa wurin mai gari, don kada a ce na yi ba da saninsa ba. Shi ma yana da jikoki a ajin. Da ya ji bayanina ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce yana son ganin ranar. Na zaɓi ranar kasuwa, lokacin da iyaye maza duk sun watse, kuma ba zan ɓoye maku ba, da gangan na yi. Gayya kuwa yaran na bar wa. Na ce kowa ya jawo kakansa ko da a baya zai goyo shi, wanda kuma ba shi da kaka ya ara a maƙwabta.

Da hantsi suka fara isowa gindin tsamiyar da ke kallon ajin, wannan ana jan sandarsa, waccan ana ture ta ta baya, suna ta zagin jikokin, jikokin suna ramawa. Tsofaffin mata suka zauna gefe guda, maza gefe guda, aka raba goro. Ardo Manu shi ya zo ƙarshe, da malfarsa da sandarsa a kafaɗa, ya yi sallama ya zauna ɗan nesa da kowa. Na miƙe na ce ni yau ba ni da magana, masu aji ne za su yi. Wuri ya yi tsit, na ce a raina shi ke nan za a maimaita na rannan. Sai Malam Nomau, Allah ya jiƙansa, ya gyara murya.

"To amarya, an ce ke kika tara mu. Ko kin gaji da ni ne za ki zaɓi wani a cikin tsofaffin nan?"

"Duk cikinku ba na ɗauka," in ji Rakiya. Ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Ku buɗe kunne, in da sauransa. Ana ta cewa shanu sun ci aji. Mai cin aji ta farko ga ta nan zaune tana taunar goro. Iya Tabawa, wa ke cewa in an tashi lakkwal in zaro mata kara ta hura wuta?"

"Ja'ira, 'yar nema," in ji Iya Tabawa, ta ja mayafi ta rufe baki. "Ɗan abin kunna wuta shi za ki tona mini asiri a kai?"

Ai kuwa kamar an buɗe rumbu. Kowane yaro ya shiga nuna tasa kakar, wannan ta ce ita sau ɗaya ta taɓa aika, waccan ta ce ai maƙwabciyarta ce ta koya mata, tsofaffin maza suna tafa hannu suna cewa dama sun san tuwon bana da ƙamshin boko. Ba su gama murna ba yara maza suka miƙe. Suka ce su ma suna zarar kara, wani don ƙera mota, wani don ya buɗa kafa iska ta shigo, saboda masu yin ajin ba su taɓa barin taga ba, ƙofar kuma tana kallon gabas, da safe rana ta haske allo ba a ganin rubutu. Wani ya fito da motarsa ta kara daga riga ya ɗaga, ya ce a tambayi mai gari wa ya gyara masa ƙafafunta. Mai gari ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa.

Duk wannan hayaniya Ardo bai motsa ba. Sai Dija ta tashi ta taka har gabansa ta tsaya.

"Tsoho, kai ma da naka. Shanunmu suna ci, ba ƙarya aka yi masu ba. Amma ba kara ke kawo su ba, mu ke kawo su. Jar saniyarmu Woɗe, tun tana maraƙa ni ke ba ta dusa. In za su rijiya ta ji muryata a aji muna karatu, sai ta baro layi ta zo nemana, sauran su biyo ta. In sun zo ba su gan mu ba sai su ci bangon su leƙo. Kai da ake ce wa Ardo, ba ka san saniyarka ta fi ka zuwa lakkwal ba?"

"Ƙarya kike, 'yar tsohuwa," in ji shi a hankali.

Allah da ikonsa, lokacin dawowar shanu daga rijiya ya yi, ga garken yana tafe a burtali. Dija ta juya ta ɗaga murya ta fara rera lissafin da muke rerawa kowace safiya, da Faransanci, sauran yaran suka amsa mata. Jar saniyar nan tawa ta gefen allo ta tsaya cak, ta ɗaga kunne, ta baro layi ta nufo tsamiya kai tsaye, wasu suna binta. Tsofaffin mata suka watse suna salati suna dariya, Mushe Lawali ya riga kowa kai wa bayan mai gari. Saniyar ta zo ta sa hancinta a wuyan Dija ta tsaya. Na saci kallon Ardo na ga gemunsa yana motsi, ya sa hannu ya rufe baki.

Da aka natsu, mai gari ya share hawayen dariya ya ce to an ji laifin kowa, yanzu masu aji me suke so. Ashe sun riga sun gama shawararsu tun a hanyar rijiya. Suka ce a ɗauke aji daga bakin burtali a kai shi can kudu da gari, inda shanu ba za su jiyo karatu ba. A bar taga, a juya ƙofa. Su da kansu za su dasa aguwa su kewaye wurin, tunda dabba ba ta cinta. Kowa kuma zai riƙa tsinto wa kakarsa ice a hanyar komawa gida, don murhu ya bar masu bango. Na ƙarshe, wanda ko ni ban san da shi ba, suka ce daga yau kowane aji zai zaɓi masu magana da yawunsa, kuma duk abin da za a yanke a kan lakkwal, a fara zama da su a gindin tsamiyar nan tare da kakanni. Tsofaffi suka ce sun ji sun yarda. Malam Nomau ya ce zancen igiya kuma a bar masa, shi ya haifi mai igiyar. Kowa ya yi magana ban da Ardo. Ya miƙe ya karkaɗe riga, ya dubi Dija ya ce ta cika surutu, ya saɓa sanda ya tafi.

Da la'asar 'yan kasuwa suka dawo, labari ya riga su shiga gida. Sale ya zo har ƙofar ɗakina, bai ko kashe babur ba.

"Madam, kin jira mun juya baya kin sa 'yata ta kira uwata ɓarauniya a bainar jama'a."

"Ba ta kira ta haka ba, Malam Sale. Kuma Iya ga ta nan, tambaye ta."

"Ni na ji daɗin taron," in ji Iya Tabawa daga madafa. "Rabona da dariya irin ta yau tun bikinka."

Wannan ya ƙara tunzura shi. Igiya dai ya janye, don ba zai tsallake maganar ubansa ba, amma ya ce tunda yara ne masu yanke shawara, yara su nemo karan da za su yi sabon ajin, ba uban da zai ba da ko ɗaya. Washegari ya hau babur ya nufi Magarya, kuma ƙarar da ya kai ita ta yi sanadin canjina a ƙarshen shekarar. Kada ku riƙe shi a rai. An taɓa masa girma ne a gaban garinsu, kuma na san hakan zai iya faruwa tun kafin in yi. Amma maganarsa ta kara ta fi ƙarar tayar mini da hankali. A tsakiyar bazara wa ke da kara? Na manoma ya ƙare a darni da murhu. Wanda ya rage sai na makiyaya, wanda suke jibgewa a kan itatuwa suna tsakura wa shanu kaɗan-kaɗan don su kai damina da rai. Wannan ko ɗan'uwanka ba ka roƙa.

Sannan 'yan ruga suka daina zuwa. Safiya ta yi, wurarensu ba kowa. Wata safiyar ma haka. Na tambayi yaran gari, ba wanda ya san komai. Na ce a raina na ɓata goma ban gyara ɗaya ba: na kunyata tsoho a gaban tsararrakinsa ta bakin jikarsa, ga shi ya kwashe yaransa ba tare da igiya ta taɓa kowa ba. Abinci ya daina shiga mini. Duk da haka Rakiya da sauran ba su fasa ba. Kullum in an tashi sai su tafi kudu da gari su share fili, su yanko rassan aguwa su jera, su dawo hannuwansu duk farin ruwanta. Na ce masu aji fa ba ya tsayuwa ba kara. Rakiya ta ce su dai nasu suke yi.

Wata safiya muna zaune a sabon filin, don tsohon ajin ya gama zama abin tausayi, sai muka jiyo ƙarar amalanke. Yara suka miƙe kafin in hana su. Ta bayan gari suka ɓullo, amalanken shanu a jere, kowane an lafta masa kara har yana rinjaya, 'yan rugata kuwa duk suna bisa, sun yi futu-futu da ƙaiƙayi suna ɗaga mana hannu. Ashe kwanakin nan suna can suna sauko da abincin shanunsu daga kan itatuwa suna ɗaurewa. Ardo yana gaba a ƙasa, riƙe da igiyar sa na farko. Mutanen gari suka fito, mai gari da Malam Nomau suka iso suna dogara sanda, har Sale na hango tsaye daga nesa a jikin babur ɗinsa. Ni kuwa don murna na tsaya ina ta share ido da bakin gyale a gaban ɗalibaina.

"Madam," in ji Ardo, "shanuna sun ci ajinku. Ga abincinsu, ku yi aji da shi."

"Ardo, damina da saura. Me za su ci?"

"Wanda ya ba su jiya shi zai ba su gobe. A ina za a sauke?"

Na juya na nuna masa mai gari, don shi ne babba a wurin. Mai gari ya buɗe baki zai yi magana, Ardo ya ɗaga masa hannu.

"Ba kai ba, ranka ya daɗe. An ce akwai masu aji."

Ya ɗaga kai ya dubi saman amalanke inda Dija take zaune.

"Ke mai surutu, sauko. Ina kuke son ƙofar ta kalla?"

Dija ta diro. Ta je ta kamo hannun Rakiya, suka yi ƙus-ƙus, suka waiwayi sauran, sauran suka gyaɗa kai. Sannan ta miƙa hannu ta nuna arewa, ta ce nan, kuma a fara sauke kara daga can gefen. Tsohon nan da bai taɓa karɓar umarni daga bakin kowa ba a ƙasar, ya dubi inda yatsanta ya nuna, ya ce to, ya ja sansa ya bi.